Bargon da ya dace da sanyin Ingila

Shekarar da na zo Manchesta, rabin akwatina bargo ne, guda biyu masu nauyi daga Kantin Kwari. Da Nuwamba ta kama na haɗa su duka na lulluɓa, ga safa a ƙafa, amma har asuba ina rawar ɗari. Sanyin nan ba irin hunturunmu ba ne mai fasa leɓe. Jiƙaƙƙen sanyi ne mai shiga ƙashi, ga tsadar gas ba ta barin mutum ya kwana da hita a kunne.

Abin da mutanen nan ke rufa da shi, a kanti za ku ga an rubuta masa duvet. Kamar buhu ne na yadi da aka cika da gashin agwagwa ko na dinya, ko ulun tumaki, ko zaren roba. A gida sai mun ɗaga bargo mun ji nauyinsa kafin mu taya. A nan lambar tog ake dubawa, ita ce ma'aunin ɗumi: 4.5 na lokacin zafi ne, 13.5 na tsakiyar sanyi. Akwai mai falle biyu, 4.5 da 9, da ake haɗe su da maɓalli idan sanyi ya tsananta. Ga sabon zuwa da aljihunsa bai yi ƙarfi ba, shi nake fara nunawa. Ku auna gado tukuna: bargon gadon mutum ɗaya santimita 135 ne da 200, na gadon mutum biyu 200 da 200.

Mai gashin tsuntsu ba shi da nauyi, ga ɗumi nan take. Sai dai a karanta takardar jikinsa. Lallausan gashin ƙirji, wanda suke rubutawa down, shi ne mai riƙe ɗumi kuma shi ne mai tsada. Idan gashi mai tsinke ya fi yawa, da sannu za ku ji yana huda yadi yana sukar ku. Ni dai na ulu na fi so. Yana tsotse gumi, kuma yana da ɗan nauyin nan da jikinmu ya saba da shi.

Wajen wanki ne ake asara. Na farkon da na saya na ulu, na jefa shi a inji da ruwan zafi, ya fito ya ƙanƙance ya yi tauri kamar darduma. Da yawansu ba sa son inji sam; a shanya su sha iska ranar da babu ruwa. Rigar da ake saka wa bargon ita ake wankewa tare da zanin gado.

Mai gashin tsuntsu kuwa a kai shi shagon wanki mai babban inji, sau ɗaya a shekara ya isa. A busar da shi da ƙwallayen tanis biyu ko uku don su warware gashin. Ku matsa shi ko'ina da hannu. In kun ji dunƙule mai sanyi, bai bushe ba, kuma fumfuna ce za ta biyo baya da warinta. Kowace safiya a kaɗe shi. In za a ajiye, jakar yadi ta fi leda.

Masu jego, don Allah a kula: hukumar lafiya ta NHS ta ce kada a rufa wa jaririn da bai cika shekara ɗaya ba irin wannan bargo, domin yana iya rufe masa fuska ko zafi ya yi masa yawa. A sa masa siririn mayafi, a soke gefensa ƙarƙashin katifa, kada ya wuce kafaɗarsa.