Babi na Bakwai: Lambobin da Ba a Faɗa wa Kowa

Iyayena da yayyena, kowa ya ciro wayarsa da katinsa na cirar kuɗi ya ajiye a gabansa. Wanda bai zo da kati ba ya bari sai ya koma gida, kada ya leƙa na maƙwabcinsa.

Darasi na ɗaya: Mu ƙirga

Lambar asusunka na banki, wato akawun, guda 10 ce. Ƙirga da yatsa. Wannan ita ce kake bayarwa idan ɗanka zai turo maka kuɗi daga Legas, ko mai sayen kaya zai biya ka. Ba laifi a ba da ita, don da ita kaɗai ba a iya cire maka ko sisi.

Lambar BVN guda 11 ce. Babban Bankin Najeriya ya kawo ta a 2014, ita ce aka ɗauki hoton yatsunka aka ba ka. Lambar NIN, ta katin ɗan ƙasa, ita ma 11 ce. Lambar waya ma 11 ce, shi ya sa wasunku ke rikicewa. Ta waya da sifiri take farawa. Wanda ya manta BVN ɗinsa ya danna *565*0# da layin da ya yi rajista da shi. Za a cire masa ɗan kuɗi kaɗan, lambar ta fito. Ka danna da kanka.

Yanzu ɗauki katin. A jikinsa akwai doguwar lamba, yawanci guda 16. Juya bayansa, za ka ga ƙanana guda 3. Sai kuma guda 4 da ba a rubuta a ko'ina ba, waɗanda kake dannawa a wurin mai POS. Su ake kira fin. Fin a kai yake zama, ba a rubuta shi a bayan kati, ba a ninke takardarsa a sa cikin hula. Kada ya zama 1234, kada ya zama shekarar haihuwarka.

Darasi na biyu: Lambar da ke shigowa a saƙo

A nan za mu daɗe, ku yi haƙuri da ni.

Wani lokaci saƙo zai shigo wayarka. Turanci ne, amma a tsakiyarsa akwai lambobi, yawanci guda 6. Wannan lambar mukulli ce. Banki ne ya aiko ta don ya tabbatar kai ne kake son fitar da kuɗi. Duk wanda ka karanta wa ita, ka miƙa masa mukullin ɗakinka.

Ga yadda ɓarawon yake yi. Zai kira, muryarsa a sanyaye, ya yi sallama, ya kira sunanka cikakke. Ya ce, "Baba, daga banki ne, za a rufe BVN ɗinka yau da azahar." Ko ya ce, "Hajiya, sunanki ya fito a tallafi, saura mu tabbatar." Sannan ya ce, "Akwai saƙon da ya shigo yanzu, karanta mini lambar."

Kada ka karanta. Kashe wayar.

Na san abin da ke faruwa, don na gani a ajinmu na Tudun Wada. Turancin da ke cikin saƙon cewa yake yi kada a nuna wa kowa, amma ba mu kai ga karanta shi ba tukuna. Lambobin kuwa mun iya su, mun sha wuya kafin mu iya. To da an ce karanta, sai baki ya riga tunani. Wata ɗalibata mai sayar da gwanjo a Kasuwar Bacci haka ta yi. Ta karanta lambobi shida tiryan-tiryan, ba kuskure ko ɗaya, har mutumin ya ce mata madalla. Kafin ta ajiye wayar alat ya shigo, kuɗin adashinta sun tafi. Ba wauta ba ce, ladabi ne ya ja mata. An rene mu a kan cewa ba a katse wa mutum magana. To a nan an yafe muku, ku katse.

Mu gwada. Ku zauna biyu-biyu, ɗaya ya zama mai kira.

Mai kira: "Mama, karanta mini lambar da ta shigo."
Amsa: "Ba na karantawa. Zan je banki da ƙafata."

Mai kira: "Ai ni ma'aikacin banki ne."
Amsa: "Ba na karantawa."

Mai kira: "To faɗi ukun farko kawai."
Amsa: "Ba na karantawa."

Ku sake sau biyar, sannan ku yi musanya. Wanda ya iya rubutu ya rubuta a littafinsa sau goma: Ba na karanta lamba a waya. Wanda hannunsa bai faɗa ba ya rubuta sau uku, ya isa, sannu a hankali.

Wani zai ce, "Malam, ai ya san sunana, har ya faɗi BVN ɗina daidai." Sanin suna ba shaida ba ce. Sunanka yana jikin takardu da yawa da ka taɓa cikewa, kuma duk wanda ya sa lambar akawun ɗinka zai turo kuɗi yana ganin sunanka. Ma'aikacin banki na gaske ba ya tambayar fin, ba ya tambayar lambar saƙo, ba ya tambayar ukun da ke bayan kati. Idan hankalinka bai kwanta ba, hau keke ka tafi reshen bankinka, ko da kuwa daga Rigasa ko Kawo za ka taso. Kuɗin keke bai kai kuɗin adashi ba.

Kuma bari in faɗa, don abin ya fara isata. Mun yi wannan darasin da ajin bara har sau huɗu, kowa ya amsa da ƙarfi, bayan sati biyu wani dattijo ya zo yana salati, ya karanta. Na ce me ya sa? Ya ce yaron da Hausa ya yi masa magana, har da ayoyi. Haba Baba! Ɓarawo ba ya jin Hausa ne? Ko da muryar limamin unguwarku ka ji, ba a karantawa. Mene ne ba a yi? Ba a karantawa.

Darasi na uku: WhatsApp

Shi ma lamba 6 yake turowa. Za a ce maka an sa ka a zauren ƙungiya ko na tafsiri, turo lambar. Idan ka tura, sun ƙwace WhatsApp ɗinka, su dinga roƙon 'yan uwanka kuɗi da sunanka. Amsar ita ce ta darasi na biyu.

Akwai wurin sa mukulli na biyu a cikinsa. Ɗanka ya kai ka wurin, amma idan za ka danna lambobin ya juya baya. Haka ma wurin mai POS, ka kare da hannu, ka danna da kanka.

Darasi na huɗu: Idan waya ta ɓace

Layin ya fi wayar haɗari, don a kansa saƙon banki ke shigowa. A ranar ka je banki a rufe asusun, ka je ofishin kamfanin layi a rufe layin a yi maka sabo. Tafi da NIN ɗinka. Kafin ka bar waya wurin mai caji ko mai gyara, cire layin.

Darasi na biyar: Hotuna

Kada a sa hoton katin ɗan ƙasa ko na banki a Facebook. Saƙon da ya ce danna nan ka ci kyauta, a goge shi.

Aikin gida: a sake rubuta jimlar darasi na biyu sau goma, a zo da ita ranar Asabar.