Kafin ku ɗauki iyali zuwa kamun walleye, ku fara duba wanda ya fi rauni a mota

Ni ɗan Nima ne a Accra, kuma iyakar sanina da fatsa a da bai wuce Ada da bakin Akosombo ba, inda mutum zai wuni ya dawo da 'yan karfasa a bokiti. Ƙanena da ke Kolombos ta jihar Ohayo ne ya jefa ni cikin harkar kifin da Amurkawa ke kira walleye. Sau uku ke nan muna zuwa wurinsa a hutun yara, lokacin da suke tsakiyar zafi a can. Tun da na dawo 'yan Zango masu 'yan'uwa a can suke tare ni bayan sallar Juma'a: "Alhaji, wane tafki za mu je?" Amsata ba ta canzawa. Kada ku fara tambayar inda kifi ya fi yawa. Ku fara ƙirga su wa za su shiga motar.

Kifin kansa na ruwan daɗi ne, na Amurka ta Arewa, 'yan Kanada da yawa suna ce masa pickerel. Tsokarsa fara ce tas, ba ƙarni, ba yawan ƙaya, wanda ya san giwan ruwa zai gane zancen. Idonsa fari-fari ne, yana ƙyalli kamar na kyanwa da dare, shi ya sa yarana suka raɗa masa Mai Farin Ido. Wannan idon ne sirrinsa: yana gani a duhu-duhu, don haka ya fi cin ƙugiya da asuba, da magariba, da ranar da hadari ya rufe sama ko iska ke ɗan kaɗa ruwa. Rana ta take, sai ya nutse ƙasa. Ku riƙe wannan, domin lokacin da kifin ke so shi ne lokacin da yaro ɗan shekara 6 ba ya so.

Shekarar farko hoto ne ya rufe mana ido. Muka ga manyan kifaye a Facebook daga Lake of the Woods, can arewacin Minesota a kan iyakar Kanada, tafki mai tsibirai sama da 14,000. Muka cika mota: ni, uwargida, yara uku, ƙanena, da tsohuwarmu. Kwana biyu muna hanya kafin mu ga garin Baudette. Wurin yana da kyau, kifi kuwa akwai shi, ba ƙarya. Amma sauro na can ko na Alajo bayan ruwan sama sai ya sara masa, kuma ba mu ga inda za mu sayi naman halal ba. Da mai jirgi ya buɗe robar abincin ƙugiya, tsohuwa ta leƙa ta ga matsattsaku suna mutsu-mutsu, sai ta ja mayafinta ta ce wa ƙanena, "Kai, da wannan za ka kamo abin da zan ci?" Ya ce, "Mma, haka ake yi a nan." Ba ta sake taka jirgin ba. Sannan babban da ɗana ya kamo, wanda ya sa shi tsalle har ya kusa faɗawa ruwa, aka auna aka ce a mayar, don dokar tafkin ta ce mai tsawo tsakanin inci 19 da rabi zuwa 28 ba a tafiya da shi. Yaron ya yi kuka har bakin gaɓa.

To, abu na farko: nisa. Idan akwai tsoho ko ƙaramin yaro, kada tafiyar ta wuce awa uku daga gidan mai masaukinku. Wanda ɗan'uwansa ke Kolombos, Tafkin Erie na nan, awa biyu da 'yan mintuna zuwa Port Clinton, garin da ke yi wa kansa kirarin babban birnin walleye na duniya. Wanda nasa ke Miniyapolis, tafkin Mille Lacs na jihar Minesota kamar awa biyu ne, tafkin Leech Lake kuwa ya ɗan wuce awa uku. Minesota ta ɗauki kifin nan a matsayin kifin jiha tun 1965, ba su wasa da shi.

Sai dai Mille Lacs na da nasa hali. Dokarsa na canzawa kusan kowace shekara gwargwadon yawan kifin, an yi shekarun da sai dai ka kama ka saki. Ga Bature wannan nishaɗi ne. Ga matar da ta taho da shito da yaji a jaka, cin fuska ne. Ku shiga shafin hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar ku karanta dokar shekarar kafin ku biya kuɗin masauki. A ɓangaren Ohayo na Erie, a 'yan shekarun nan, kowane mai fatsa yana iya riƙe 6 a rana, muddin kowanne ya kai inci 15. An samu ƙyanƙyasa mai albarka a 2015, 2018 da 2019, shi ya sa tafkin ya cika. Babba yana yankar lasisi, baƙo ma ana sayar masa na kwana ɗaya, yaro ƙasa da shekara 16 ba ya buƙata a Ohayo.

Watan tafiya shi ne inda mutanenmu suka fi yin kuskure, don mu sai an rufe makaranta muke motsawa, galibi a Agusta. Erie shi ne mafi rashin zurfi a manyan tafkuna biyar na Amurka ta Arewa, yammacinsa bai fi mita 7 zuwa 8 ba a tsaka-tsaki. A Mayu da Yuni kifi na nan kusa da Port Clinton da tsibirai. Ruwa na ɗumama, manyan sai su yi gabas neman zurfi da sanyi, wajen garuruwan Huron, Lorain, har Geneva da Ashtabula, duk a Ohayo. Idan Agusta ce ta kama ku, ku nemi masauki can gabas. Akwai kuma gansakukar da ke mayar da ruwan yamma kore a ƙarshen zafi. A Agustan 2014 ta sa aka hana mutanen Toledo shan ruwan famfo kusan kwana 3. Ranar da ruwa ya yi haka ba a barin yaro ya yi iyo.

Rashin zurfin nan yana da wata illa: iska kaɗan, igiyar ruwa ta tashi gajeru-gajeru tana dukan jirgi. 'Yata ta tsakiya, wadda ke shiga tro-tro daga Nima zuwa Kasoa ko gezau, a Erie ta amayar da karin kumallonta kafin mu yi nisa. Tun daga nan nake ware kwana uku ko da fita ɗaya za mu yi, in zaɓi ranar da ruwa ya kwanta, kuma in nemi fitar rabin wuni. Rigar kariya daga nutsewa kuwa kowane yaro ya sa, ba jayayya.

Jirgi iri biyu ne. Akwai na haɗaka, kowa ya biya kuɗin kansa, ya fi sauƙi, amma kana iya tsintar matarka kusa da wanda ya buɗe giya tun hantsi. Akwai na shata mai ɗaukar mutum 6, ku kaɗai da direba, da kayan fatsarsa. Da iyali, na shata nake ɗauka. Ku tambaye shi a waya ko yana jan ƙugiyoyi a bayan jirgi ne, don da wannan salon yaro ba ya buƙatar iya jifa, naɗe zare kawai zai yi idan kifi ya kama.

Waɗanda ba za su shiga ruwa ba fa, me za su yi? A nan Erie ya kayar da kowa. Filin wasan lilo da shaƙatawa na Cedar Point na garin Sandusky, kusa sosai. Ana hawa jirgin fito zuwa Put-in-Bay, wani ƙaramin gari a kan tsibiri, amma ku je da rana a tsakiyar mako, ƙarshen mako na 'yan shagali ne. Juma'a kuma akwai babban masallaci a Perrysburg kusa da Toledo, ana hango hasumiyoyinsa daga babban titi. Ku tuna a Yuni magariba sai wajen ƙarfe 9 na dare, masu fitar yamma su shirya wa yara abinci.

Ku kama gida mai kicin maimakon ɗakin otal. A bakin gaɓa akwai masu gyaran kifi, wuƙarsu kamar walƙiya, amma tsoka kawai suke yankewa su watsar da kai da ƙashi. Ranar farko uwargida ta ga kawuna suna tafiya cikin bola ta dafa ƙirji. Yanzu tun kafin a fara nake miƙa musu leda in ce kawunan namu ne. Tsokar a soya a ci da dokunu da shito daga shagunan 'yan Afirka na Kolombos, kawunan kuma tsohuwa ta yi mana farfesu da su, bayan ta sa ƙanena ya rantse cewa da tana aka kamo su.