Darasi na 7: Wasiƙa zuwa ga Sojan da Yake Bakin Daga

A unguwannin da ke kewaye da Barikin Bukavu da na Janguza akwai gidaje da dama waɗanda aka tura maigida Arewa maso Gabas ƙarƙashin rundunar Haɗin Kai, ko dazuzzukan Zamfara, ya bar iyali a Kano wata da watanni. Wayar salula tana taimakawa, amma ba kullum ake samun ta ba, domin a 2013 an katse layukan waya a Borno da Yobe da Adamawa saboda tsaro, haka kuma aka yi a Zamfara a watan Satumba na 2021. Takarda kuwa soja yana ninke ta ya sa a aljihu, ya buɗe ta duk lokacin da kewar gida ta taso masa.

Ki fara da rubuta adireshinki da kwanan wata a sama ta hannun dama, sannan ki yi sallama. Matar da ba ta kiran sunan mijinta ba sai ta karya al'ada ba, tana iya rubuta: "Assalamu alaikum Baban Abba. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kamar yadda muke lafiya."

Inda masu koyo suka fi tsayawa shi ne bayan gaisuwa, sai su ce ba su da abin faɗa. Alhali abin da kike gani ƙarami shi ne babban labari wurin wanda yake nesa. Ki gaya masa cewa Abba ya kai izu biyar a Islamiyya, cewa Auta ta fara haƙori tana cizon duk abin da ta samu, cewa Inna ta samu sauƙin ƙafarta har ta je suna da kanta. Ki nemi shawararsa a kan kuɗin makaranta ko gyaran rufin ɗaki kafin damina, domin ya san har yanzu da shi ake tafiyar da gida. Idan yara sun iya riƙe fensir, a bar musu wuri a ƙasa su rubuta "Baba, sannu da aiki", ko da layin ya karkace.

Labarin rashin lafiya ko rasuwa yana bukatar natsuwa. Ba a ɓoye masa gaskiya, amma a ganina ya fi kyau a fara shawara da manyan gida, kuma kada a haɗa shi da ƙorafin dangi a takarda ɗaya, domin mutumin da ke riƙe da bindiga yana bukatar hankalinsa a wuri guda. Haka nan kada ki tambaye shi inda suke ko ranar da za su tashi, saboda takarda tana iya faɗawa hannun da bai dace ba.

Ki rufe da addu'a da "Wassalam, ni ce taka". A bayan ambulan ki rubuta muƙaminsa da cikakken sunansa da lambar aikinsa da bataliyarsa, sannan ki ba amintaccen abokin aikinsa da zai koma daga hutu, ko ki tambayi ofishin bataliyar yadda ake aika saƙo.

Aikin gida: rubuta wasiƙa mai layi goma da boko ko da ajami, ki sa labarai uku na wannan mako, ki kawo wa malama ta duba kafin ki kwafe ta a takarda mai tsabta.