Darasi na Bakwai: Idan Mazan Ɓeran Masar Suna Faɗa

Ɓeran masar ba ya son zaman kaɗaici. Asalinsa daga duwatsun Andes ne a Kudancin Amurka, wajen ƙasashen Peru da Bolibiya da Ekwado, inda mutane suka shafe dubban shekaru suna kiwonsa. A cikin 'yan'uwansa yake jin daɗin rayuwa. Saboda haka ne ma tun shekarar 2008 dokar ƙasar Suwizalan ta hana a ajiye guda ɗaya tal. A gidajenmu kuwa, wanda yake son kiwonsa don sha'awa, ba ya son haihuwa ta yi masa yawa, yakan zaɓi maza biyu. Sai a wayi gari keji ya rikice da guje-guje da tsuwa, yara su rugo suna cewa, "Baba, za su kashe juna!"

Kafin ku ɗauki mataki, ku tsaya ku duba da kyau. Ba kowace hayaniya ce faɗa ba.

Neman girma

Duk inda maza biyu suka haɗu, sai sun tantance wane ne babba. Za ku ga ɗaya yana tafiya a hankali, yana karkaɗa ƙugu hagu da dama, yana wani gurnani ƙasa-ƙasa. Za ku ga ya hau bayan ɗan'uwansa kamar mace ya samu. Zai bi shi da gudu, ya ture shi daga bakin kwano, ya kore shi daga maɓoya. Wani lokaci su tsaya gaba da gaba, kowa na ɗaga hanci sama don ya fi ɗayan tsawo. Ƙaramin yakan yi ta tsuwa kamar ana yanka shi, alhali ba a taɓa shi ba. Wannan tsuwar sallamawa ce, yana nuna ya yarda an fi shi.

Duk wannan ɗabi'arsu ce. Yakan ɗauki kamar mako biyu kafin su daidaita, kuma yakan dawo da ƙarfi lokacin balaga, daga wajen wata 4 har zuwa wata 14 ko kusa da haka. A nan masu kiwo da yawa suke yin kuskure saboda tausayi. Da sun ji tsuwa sai su raba su, gobe su sake haɗawa, jibi su sake rabawa. Duk ranar da aka sake haɗa su, daga farko suke soma neman girman. Tausayin sai ya zama shi ne ya tsawaita musu wahala. Muddin babu jini, kuma kowanne yana samun ci da sha, ku bar su su gama maganarsu.

Faɗan gaske

Alamarsa daban take. Gashin wuya yana miƙewa tsaye. Suna yin hamma don nuna haƙora. Haƙoran suna kaɗawa da ƙarfi, kaf-kaf-kaf, dukansu biyu, babu mai ja da baya. Idan aka kai nan, abin da ya rage shi ne su dunƙule wuri ɗaya suna birgima suna cizo.

Kada ku sa hannu tsirara a tsakaninsu. Ɓeran da ke cikin fushi ba ya gane mai shi, kuma haƙoransa na gaba suna shiga nama sosai. Ku jefa musu tawul ko tsumma mai kauri, ko ku zura faifai ko kwali a tsakani. Sannan ku ɗauki kowanne a cikin tsumma, ku ajiye shi daban.

Idan sun huce, ku buɗa gashinsu da yatsa ku duba baya da ƙugu da kunne da leɓe. Ramin cizo ƙarami ne, gashi yana rufe shi, bayan 'yan kwanaki sai ya kumbura ya tara mugunya. Ku wanke ciwon da ruwan da aka tafasa ya huce, da ɗan gishiri kaɗan. Idan ya yi zurfi ko ya kumbura, sai wurin likitan dabbobi.

Ga gargaɗin da nake so kowa ya rubuta a littafinsa. Kada ku ba ɓeran masar maganin mutane irin su amoxicillin ko ampicillin, ko duk wani dangin penicillin. Waɗannan magunguna suna kashe ƙwayoyin da ke taimaka masa narkar da abinci a hanji, zawo ya kama shi, ya mutu. Kafso ɗin da ya yi wa akuya amfani yana iya halaka shi.

Me ke jawo faɗan?

Mafi yawa, ƙuncin wuri ne. Ko raguna biyu aka ɗaure a turke ɗaya, sai sun yi karo. Ɓeraye biyu suna bukatar keji da bai gaza santimita 120 a tsawo da 60 a faɗi ba, maza kuwa gara a kai tsawon 150 ko fiye. Wanda aka kora yana bukatar inda zai gudu ya ba da wuri. Idan babu, dole ya juyo ya rama.

Komai ku sa biyu: kwanon abinci biyu nesa da juna, abin ruwa biyu, tarin busasshiyar ciyawa biyu, maɓoya biyu. Maɓoyar kuma ta kasance da ƙofa biyu. Kwalin sabulu ya isa, a huda shi gaba da baya. Mai ƙofa ɗaya tarko ce, domin babban yakan tsare bakinta, na ciki ya rasa hanyar fita.

Na biyu, warin mace. Maza biyu da suka yi shekara lafiya suna iya ɓatawa rana ɗaya idan aka kawo mace kusa. Ku nisanta kejinta, kuma idan kun taɓa ta ku wanke hannu kafin ku taɓa su. Maza uku a keji ɗaya ma da wuya su zauna lafiya.

Na uku, ciwo. Babban ɓera mai haƙuri da ya soma cizo haka kawai, a duba lafiyarsa. Ƙazuwa tana sa shi susa da zubar gashi, jikinsa ya yi tsami har ba ya son a raɓe shi. Rashin bitamin C yana sa masa ciwon gaɓoɓi, domin jikinsa ba ya iya haɗa wannan bitamin da kansa, sai ya samu a abinci. Ku riƙa ba su ɗanyen ganye mai tsabta da yankan tattasai kullum. Zafin bazara ma yana galabaita su ƙwarai, don haka keji ya zauna a inuwa mai iska.

Wasu suna cewa a yi wa mafaɗacin dandaƙa. Wannan ba ya sauya halinsa da ɗan'uwansa namiji. Amfaninta shi ne ya zauna da mace ba tare da haihuwa ba. Aikin likita ne, kuma sai an jira mako 6 kafin a haɗa su.

Haɗawa da rabawa

Sabon ɓera ba a jefa shi cikin kejin tsoho. A haɗa su a wurin da babu warin kowa, a zuba ciyawa a tsakiya, a zauna ana kallo na 'yan sa'o'i. In sun kwanta kusa da juna, a wanke kejin tas a mai da su tare. Babba da ɗan ƙarami sun fi saurin sabawa.

Waɗanda suka riga suka yi wa juna mugun rauni kuwa, yawanci ba sa sake shiri. Kada a tilasta musu. A raba kejin da ragar waya, kowa da ɓangarensa da kwanonsa, suna ganin juna suna jin muryar juna, haƙori bai kai ba.

Aiki

1. Rubuta alamu biyu na neman girma, da alamu biyu na faɗan gaske.
2. Wane irin magani ne ba a ba ɓeran masar?
3. Auna tsawo da faɗin kejin gidanku ko na maƙwabci da awon tela. Rubuta lambobin, ka kawo aji mako mai zuwa.