Sirrin kore zafin barkono daga baki

'Yan uwa, idan barkono ya kama muku harshe, ku daina rugawa ga ruwan sanyi. Abin da ke kawo yajin wani sinadari ne mai suna kafsaisin, kuma ba ya narkewa a ruwa, a mai yake narkewa. Shi ya sa ruwa ke yawo da shi cikin baki, zafin ya lafa kadan sannan ya dawo. Madara ce maganinsa, ko kindirmo, domin furotin da ke cikinta yana kama sinadarin ya wanke shi. Masu girki kuma, ku sani yajin ya fi taruwa a farin jikin nan na ciki da 'ya'yan ke manne da shi. Ku kankare shi kafin markade, miya za ta yi saukin ci ga yara.