Babi na Bakwai: Ɗan Ƙwallo, Kwantiraginsa da Kuɗinsa

Sana'ar ɗan wasa ta bambanta da ta tela ko ta maƙeri ta fuska guda, wato gajartar lokacinta. Tela yana iya zama a kan keken ɗinkinsa har furfura ta game kansa, amma ɗan ƙwallo, da zarar ya haura shekara 30, kulob-kulob sukan fara duban na bayansa, kuma targaɗe guda a gwiwa yana iya kawo ƙarshen aikin tun kafin wannan lokaci. Saboda haka abin da ya samu cikin 'yan shekarun ƙarfinsa shi ne zai riƙe shi da iyalinsa har tsufa. Za mu duba wannan al'amari ta hanyar rayuwar Ahmed Musa, wanda yawancin masu karatu sun san shi.

An haifi Ahmed Musa a Jos a 1992. Ya yi suna a Kano Pillars, inda ya ci ƙwallo 18 a kakar wasa ta 2009/2010, adadin da babu wanda ya taɓa kaiwa a gasar Najeriya kafin lokacin. Kulob ɗin VVV-Venlo na ƙasar Holan ya neme shi, amma sai da ya jira ya cika shekara 18 a watan Oktoba na 2010, domin dokar FIFA, hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, ta hana a kai yaron da bai kai wannan shekaru ba wata ƙasa ya buga wasa, sai bisa wasu 'yan sharuɗɗa. Ya kamata iyaye su riƙe wannan doka da kyau, domin akwai masu kiran kansu dillalan 'yan wasa da ke zuwa gida su ce a sayar da gona ko fili a ba su kuɗin biza, za su kai yaro ɗan shekara 15 Turai. Duk wanda ya zo da irin wannan magana, a nemi ya nuna lasisinsa da takardar gayyata daga kulob, a kuma kai takardun wurin wanda ya iya karatu kuma ba shi da hannu a cinikin.

Daga Holan Ahmed Musa ya koma CSKA Moscow ta Rasha a 2012, sannan a 2016 Leicester City ta Ingila ta saye shi a kan kimanin fam miliyan 16. A nan ne mutane da yawa suke yin kuskure, har a majalisar mai shayi za ka ji ana cewa yaron ya samu miliyoyin fam a dare ɗaya. Wannan kuɗi na kulob ɗin da ya sayar da shi ne. Abin da yake na ɗan wasa shi ne albashinsa, da kuɗin sa hannu, da ladan cin wasa, gwargwadon yadda aka rubuta a kwantiragi, kuma a Ingila gwamnati tana cire harajin kashi 45 cikin 100 daga ɓangaren sama na babban albashi, ga kuma kason dillali. Abin da ba a rubuta ba, ko da shugaban kulob ya rantse a kansa, da wuya a iya karɓo shi ranar da aka saɓa.

A Leicester abubuwa ba su yi masa daɗi ba, domin bai samu gurbi na dindindin ba, har aka mayar da shi CSKA aro a farkon 2018. A nan ake gane ƙwararre, wato wanda ke zuwa atisaye a kan lokaci, yana kiyaye abincinsa da barcinsa, ko koci ya sa shi ko bai sa shi ba. Cikin wannan shekara ta 2018, yana buga wa Najeriya, Ahmed Musa ya ci Iceland ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya, kamar yadda ya ci Ajantina biyu a 2014, daga nan Al-Nassr ta Saudiyya ta ɗauke shi.

Shugabancinsa ma ya fi fitowa a lokacin da ba ya cikin fili. A gasar cin kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa a farkon 2024, shi ne kyaftin ɗin Super Eagles, amma a benci ya fi zama, William Troost-Ekong ne ke jagorantar 'yan wasa a fili, kuma tawagar ta kai wasan ƙarshe. A ganina, babba ya haƙura da benci ba tare da ya raba kan na ƙasa da shi ba ya fi cin ƙwallo wuya.

Game da kuɗi kuwa, tun yana tsakiyar tashensa ya buɗe gidan mai da cibiyar wasanni da motsa jiki a Kano. Amfanin irin wannan jari ya bayyana lokacin da ya rabu da Al-Nassr a watan Oktoba na 2020, ya yi watanni ba shi da kulob, kafin ya dawo Kano Pillars a Afrilun 2021. Yawan samu kaɗai ba ya tsare mutum: Mike Tyson, zakaran damben Amurka, ya samu fiye da dala miliyan 300 a sana'arsa, amma a 2003 ya shigar da takarda kotu cewa ya kasa biyan basussukan da ke kansa. A wajenmu nauyin ya fi zuwa ta hanyar dangi da abokai, kuma taimakonsu wajibi ne, sai dai ya fi kyau a yanke masa adadi a kowane wata, maimakon a riƙa ciro kuɗi duk lokacin da waya ta yi ƙara.

Aikin yi: A ce wani ɗan wasa yana karɓar naira 300,000 a wata. Ya ware kashi 30 cikin 100 domin ajiya a banki, kashi 20 domin iyaye da dangi, sauran kuma domin cefane da haya. Ku lissafa nawa zai tara a shekara guda. Sannan ku ɗauka kulob ɗinsa ya yi wata huɗu bai biya albashi ba, abin da kan faru a gasar cikin gida, ku rubuta a littafinku ko ajiyar za ta ɗauki nauyin cefane da haya na waɗannan watanni, da kuma abin da zai rage masa.