Kurakuran da aka fi yi wajen saka zagayayyiyar taga a tsohon gini

Babban kuskuren shi ne a fasa bango kafin a ƙera tagar. Magini ya huda da ƙiyasin ido, kafinta can a shagonsa ya yi nasa awon, ranar sakawa sai a tarar da rami kamar ƙwai, a koma cike gefe da ɓaraguzan bulo. A fara gama firam tukuna, a ɗora shi kan kwali a zana, a manna kwalin a bango, sannan a ƙara kamar santimita 1 ko'ina domin siminti ya sami wurin zama.

Sai nauyin da ke sama. Bulo mai rami ba ya riƙe kansa idan aka yanke shi a lanƙwashe, firam ɗin katako kuma ba ginshiƙi ba ne. A zuba kankare da rodi a saman ramin, a bar shi ya bushe kafin tagar ta shiga.

Inda na fi jin takaici shi ne katako. Wani kafintan yakan yanko zoben gaba ɗaya daga faffaɗan katako guda don ya huta. Ranar farko gwanin sha'awa, amma a wurare biyu jijiyar itacen takan zo gajera, kuma nan ne yake darewa da iskar hunturu ta busa. A haɗa shi gunduwa-gunduwa, 6 ko 8, a yi hawa biyu, kada mahaɗar sama ta faɗa kan ta ƙasa. Katakon ya zama busasshe, a shafe shi da maganin gara da fenti har bayansa da zai shige cikin bango, wanda yawanci ake mantawa da shi.

Gilashi kuwa kada a yanka shi cif-cif. A rage milimita 3 a kewaye, a zaunar da shi kan 'yan guntayen roba, a bi da silikon, wato danƙon toshe kafa. Idan ya matse, katako na kumbura da damina gilashin zai tsage.

Ruwan sama duk yakan gangaro ya taru a ƙasan da'irar, don haka filastar wurin ta karkata waje. Kuma yawancin irin wannan taga ba a buɗe ta, haske kawai take bayarwa. Ɗakin da za a kwana cikinsa a watan Afrilu yana buƙatar wata tagar ta shan iska.